Neman shawara: karin waƙa yana nutsewa idan na kaɗa Bach a ogan

Mai tambaya: Salama gare ku 'yan'uwa. Ogan ɗin majami'armu na lantarki ne, hawa biyu (wato jeri biyu na maɓallan hannu) da maɓallan ƙafa. Ina koyon "Ich ruf zu dir" na Bach, mai tsara kiɗa Bajamushe, mai lamba BWV 639 a jerin ayyukansa, don in riƙa kaɗawa kafin sujada. Matsala biyu ce: ba a jin karin waƙar sosai, kuma ƙafata tana makara. Me zan gyara?

Malamin kiɗa: Ɗan'uwa, fara da rarraba muryoyi. Bach da kansa ya rubuta cewa hawa biyu da ƙafa za a yi amfani da su, domin layi uku ne ke tafiya tare: hannun dama yana ɗauke da karin waƙar, hagu yana kwarara da ƙananan sautuka, ƙafa tana bugawa kamar bugun zuciya. Idan ka haɗa hannayenka a hawa ɗaya, dole karin ya ɓace.

A hawan hannun dama ka buɗe murya mai lamba 8 (lambar da ke rubuce a kan makunnin kowace muryar ogan), ka ƙara 4, sannan 2⅔ idan akwai, ko muryar da ake kira Sesquialtera. A hawan hagu bar muryar Gedackt 8 kaɗai, mai taushi. A ƙafa muryar Subbass 16 da wata 8 mara ƙarfi. Sai ka duba maɓallin da ke haɗa hawa biyun: in yana kunne, muryoyin biyu sun cuɗe, aikinka ya tashi a banza. Kuma ka tuna ogan ba fiyano ba ne, danna shi da ƙarfi ba ya ƙara masa sauti ko kaɗan. Abin da ke fito da sauti fili shi ne ɗan shirun da ka bari kafinsa.

Mai gyaran ogan: Batun makarar ƙafa, ba lallai laifin ƙafar ba ne. Sauti yana tafiyar kusan mita 340 a daƙiƙa, to idan lasifika tana nesa da kai, kana jinsa bayan ka riga ka taka. In ka tsaya jiran kunnenka, kullum a baya za ka kasance. Ka bi ƙirga da yatsunka. Rage amsa-kuwar da na'urar ke ƙarawa, ɗakin mai rufin kwano ya riga yana da tasa. Idan murya 16 tana sa tagogi rawa, cire ta ka bar 8.

Wata mai kaɗa ogan: Malam ya faɗi gaskiya, amma akwai abin da na ga an tsallake. Ƙafa a wannan kiɗan tana maimaita sauti ɗaya sau da yawa. In ba ka ɗaga ta gaba ɗaya tsakanin taku da taku ba, sai su manne su zama gunji guda. Ka riƙe kamar rabin tsawon sautin, ka saki, da kan yatsun ƙafa, kana motsi daga idon sawu, ba daga gwiwa ba.

Wajen atisaye: dama da ƙafa, sannan hagu da ƙafa, wanda shi ne mai wuyar, sai a ƙarshe ka haɗa duka. Layi biyu na takardar kiɗan a rana ya isa. Kuma ka rera waƙar da bakinka tukuna, ka ga inda kake jan numfashi, nan hannun dama zai ɗan ɗaga.

Malamin kiɗa: Ƙari ɗaya. Wannan kiɗa yana cikin Orgelbüchlein, littafin kiɗan ogan da Bach ya fara a birnin Weimar na Jamus. Ya shirya wa waƙoƙi 164 wuri, bai kai ga rubuta ko kashi ɗaya cikin uku ba. A cikinsu wannan ne mai layi uku, shi ya sa kuskure ba ya samun maɓoya. Idan Lahadi ta matso ƙafar ba ta zauna ba, nemi na Pachelbel, wani mai tsara kiɗan ogan Bajamushe, yana da irinsu da hannu kawai ake kaɗawa. Sannan ka lura BWV 639 a matakin F ƙarami (F minor) yake, kada ka faɗa waƙar farko ta jama'a a wani mataki dabam ba tare da ka ba su sautin farawa ba.