Hawan Kilimanjaro: in ɗauki littafi ko nauyi kawai zan ƙara wa kaina?

Baban Hanifa:

Assalamu alaikum. In Allah ya yarda a watan Satumba zan hau dutsen Kilimanjaro ta hanyar Marangu, kwana shida. Shekara uku ina tanadin wannan tafiya, kuma tun da nake ban taɓa hawan abin da ya wuce tudun da ake hawa da hantsi a sauko kafin la'asar ba. Takalmi na saya tuni, kullum da yamma ina yawo da shi don ya saki.

Abin da ya tsaya mini a rai ƙarami ne, kada ku yi dariya. Ni barci ba ya ɗaukata sai na karanta ko da shafi biyu ne. Akwai wani littafi mai shafi kusan 600 da na shekara ina cewa gobe zan fara, sai na ce to ga dama ta samu. Maman Hanifa ta ɗaga shi ta jinjina, ta ce bulo zan kai saman dutse. An ce mini jakar da ɗan dako zai ɗauka kada ta wuce kilo 15, kuma na kusa cikawa. Waɗanda suka taɓa hawa, ana samun sukunin karatu kuwa? Ko in zuba shi a waya in huta?

Sule Mai Sanda:

Wa'alaikumus salam. Malam, maganar uwargida ita ce gaskiya, ajiye bulon nan a gida. Ni ma ta Marangu na bi, da nawa littafin a jaka.

Daren farko a masaukin Mandara, wajen mita 2,700, cikin kurmi, na karanta babi biyu lafiya lau, har ina yi wa kaina kirari. A masauki na biyu, Horombo, mita 3,700, na ɗan taɓa. Da muka isa Kibo, masauki na ƙarshe kafin ƙololuwa, mita 4,700, na buɗe shi ina kwance, na karanta sakin layi ɗaya sau uku ban san me ya ce ba. Haruffan ina ganinsu sarai, ma'anar ce ta ƙi shiga. Iska ce ta yi ƙaranci: a can ƙololuwa, mita 5,895, iskar oksijin da kake samu a kowane numfashi kusan rabin wadda kake samu a bakin teku ce, kuma ƙwaƙwalwa tana jin hakan tun kafin ƙafa ta gaza. Ga shi kuma wajen ƙarfe sha ɗaya na dare za a tashe ka, sha biyu ku kama hanya. Wannan daren ko ka iya karatu, barci ya fi maka.

Waya kuwa kada ka dogara da ita. Duk mita 1,000 da ka hau, zafi na raguwa da wajen digiri 6, kuma sanyi yana shanye batir kamar wasa. Tawa na kwanta cajinta na kashi saba'in, na bar ta a aljihun jaka, da asuba ta mutu murus. Daga ranar cikin jakar barci take kwana, a jikina. Cajin da ya rage maka adana shi don hoto a Uhuru, wato ƙololuwar dutsen.

Ummu Sadik:

Ni dai ban goyi bayan Malam Sule gaba ɗaya ba. Bulon a bar shi, na yarda, amma kada ka tafi hannu rabbana. Ni na yi wannan kuskuren.

Tunda kwana shida ka zaɓa, akwai yini guda da za ku ƙara a Horombo don jiki ya saba da tsawon. Da safe za a kai ku wasu duwatsu masu zane baƙi da fari kamar jikin jakin dawa, ku juyo, kafin azahar kun dawo masauki. Daga nan shike nan, ba abin yi. Wurin kusa yake da layin da ya raba duniya biyu (ikwaita), wajen shida da rabi duhu ya rufe, sanyi ya kora kowa ɗaki. Wallahi takardar da ke cikin kwalin maganin ciwon kai na warware na karanta, gaba da baya, har da illolinsa ga mai juna biyu. Wata Bajamushiya da muke ɗaki ɗaya ta tausaya mini ta miƙo nata littafin, na buɗe na ga da Jamusanci ne, muka yi ta dariya har numfashi ya gagare mu.

Ka nemi siririn littafi na gajerun labarai, wanda in hankalinka ya tafi ba ka yi asarar komai ba. Wanda ka taɓa karantawa ma ya fi. Ka naɗe shi kada ruwa ya taɓa shi, don kurmin ƙasa ba ya rabo da yayyafi. Sai fitilar goshi da batir na ƙari, da fensir maimakon biro, tawada tana daskarewa. Kuma in ka ga karatu ya ƙi shiga, ga ciwon kai, ga tashin zuciya, faɗa wa jagoranku nan take, kada kunya ta hana ka.

Ɗan Autan Mama:

Yaya, abu mai sauƙi. Sa reza ka yanke shafi ɗari na farko ka tafi da su, in ka dawo a ɗinke.

Baban Hanifa:

Auta, reza a jikin littafina? Allah ya shirye ka.

Malam Sule, Hajiya, na gode ƙwarai. Bulo ya koma kan kantar littattafai, Maman Hanifa sai murmushi take. Na zaro wani ɗan ƙarami da na karanta tun ina makaranta, ban ma tuna yadda ya ƙare ba. Hajiya, saura tambaya ɗaya: in mutum ya kunna fitilar goshi cikin ɗakin da ake kwana da wasu, ba ya hana su barci?

Ummu Sadik:

Sayi mai jan haske, ba ya damun kowa. Ka ja jakar barcin ka rufe kanka da ita, hannun ma ya samu ɗumi.