Kano zuwa Guangzhou: kilomita nawa ne, kuma awa nawa ake yi a sama?

Ɗan_Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu zuwa Chaina saro kaya ku taimaka min. Maigidana zai tura ni Guangzhou cikin watan Oktoba lokacin baje kolin kayayyaki na Canton Fair, to na duba tikiti sai na ga lokacin tashi da na sauka sun rikita ni, tafiya kamar ta fi tsawo, dawowa kuma gajeriya, alhali hanya ɗaya ce. Wai nisan nawa ne takamaimai?

Malam_Lissafi: Wa alaikumus salam. In ka ja layi ɗoɗar daga Kano zuwa Guangzhou wajen kilomita 11,000 ne. Amma ba jirgin da zai ɗauke ka kai tsaye, dole ka yada zango. Ta Addis Ababa da jirgin Ethiopian, Kano zuwa Addis kimanin kilomita 3,300, daga nan zuwa filin Baiyun na Guangzhou kuma kusan 8,000. Jirgi na gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa, kenan a lissafi wajen awa 13 ne, amma in an haɗa da tashi da sauka zaman cikin jirgi kaɗai zai kai awa 15 ko kusa da haka. Abin da ya rikita ka agogo ne, Chaina ta riga mu da awa 7, kuma tikiti da agogon garin da za ka sauka yake rubuta lokaci. In za ka tafi ka cire 7 daga lissafin, in za ka dawo ka ƙara 7.

Hajiya_Atamfa: Ɗana ka bar ta kilomita, ka duba awa nawa za ka zauna a Bole, filin jirgin Addis, wallahi nan ne gajiyar take, wani tikitin jiran awa uku ne wani kuma sai ka kwana, kuma mai arha sau da yawa shi ne mai dogon jira. Ka riƙe rigar sanyi a jakar hannu don Addis kan tudu take akwai sanyi da dare, ga caja da maganinka kar ka sa su a babban akwati.

Ɗan_Kwari: Na gode Hajiya, Allah ya saka da alheri. Malam to ta Alƙahira fa, ba ta fi kusa ba?

Malam_Lissafi: Ta ɗan fi kusa, Kano zuwa Alƙahira wajen 3,100, sauran kuma kusan 8,000 ɗin dai, bambancin bai kai ka zaɓi tikiti saboda shi ba. Wani abu kuma, a zahiri dawowar ce ta kan fi daɗewa a sama ba tafiyar ba, saboda iskar can sama daga yamma take kaɗawa zuwa gabas, in za ka je tana tura jirgin in za ka dawo yana karo da ita.

Hajiya_Atamfa: Kuma ka tambayi malaminku hukuncin ƙasaru da haɗa salloli tun kafin ka tashi, don in kana nufar gabas dare gajere ne, kana ɗan runtsawa za ka ga gari ya waye ta taga.