Wace kalma za mu ba "blueprint" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni neman kalma. Jiya a Agege wani dattijon magini ya warware mini wata tsohuwar takarda da ya gada wurin maigidansa. Shuɗiya ce shar kamar an tsamo ta daga karofi, layukanta farare, bakinta duk ya ci. Zanen gyaran wani titi ne a tsakiyar Legas: faɗin hanya, inda kwata za ta bi, inda shaguna za su ja da baya. Na ce, "Baba, ya sunan wannan da Hausa?" Ya ce, "Ɗana, mu dai fulan muke cewa."

Shuɗin ya samo asali ne daga dabarar kwafi da John Herschel ya gano a Ingila a 1842. Amma in muka ce "shuɗin zane", mai sauraro zai ɗauka na ɗaurawa ake nufi, ga shi kuma zanen gine-gine na yanzu a farar takarda kwamfuta ke fitar da su.

Wasu za su ce taswira. Nan ne ban yarda ba. Taswira tana nuna abin da ke ƙasa, ita kuwa wannan takarda abin da ake nufin yi take nunawa. Ku tuna tarihin garin nan. Bayan annobar da ta ɓarke a 1924, an kafa hukumar raya Legas, LEDB, a 1928. Da ta fara rusau a tsakiyar tsibirin Legas a 1955, aka kwashe mutane zuwa Surulere. A kan takarda an riga an shafe gidajensu tun suna girki a cikinsu. Kalmar da za mu zaɓa dole ta ɗauki wannan niyyar, don rayuwar mutane ce ke cikinta.

"Tsari" ya yi faɗi, har na sallah da na mulki yana ɗauka.

Ni dai na tsaya a kan "zanen fasali". Dama muna cewa za a sake wa gari fasali. Ku ɗanɗana: "An fito da zanen fasalin titin Broad." Ya zauna a baki.

Baba ya ce a wurin aiki fulan ba zai mutu ba, kuma na yarda da shi. Ta rubutu nake nema. 'Yan'uwa na Zariya da Kano da ke kusa da gidajen Sarkin Magina, ku tambayo mana ko dattawa suna da tasu tun ta dā.