Rubutu mai kauri a karkace don allon shago a Jidda

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Allon shagon tsire ne, Larabci a sama, boko a ƙasa. Ana so bokon ya zama mai kauri, a karkace, marar ƙafa a gindin haruffa. Zai karantu daga titi?

Amsa ta 1:
Wa alaikumus salam Alhaji. Irin wannan rubutu na suna ne ko kalma biyu zuwa uku, ba na jerin farashi ba. Lissafin masu allo: kowane santimita 2.5 na tsayin harafi yana karantuwa sosai daga mita 3. Titi mai nisan mita 20 kenan harafi ya kai santimita 17. A buɗa tsakanin haruffa kaɗan, domin da dare fitilar LED tana cike cikin haruffa irin su a da e har su koma dunƙule.

Amsa ta 2:
Malam ya faɗi gaskiya. Ƙari: kada a bar kwamfuta ta karkatar da miƙaƙƙen rubutu da kanta, harafin o yakan murɗe, kauri ya lalace. A ɗauki wanda aka zana a karkace tun asali. Larabcin kuwa a bar shi a miƙe, karkace ba ta yi masa kyau.

Amsa ta 3:
Ku duba ƙ, ɗ da ɓ kafin a yanka sitika. Rubutu da yawa ba su da su, sai akwati ya fito a madadin harafin. Rubutun da ake kira Noto Sans Bold Italic yana da su.