Ina son haɗa kwamfutar buga gem da dubu 500, don Allah masana ku ba ni shawara

Sadik_Hotoro:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah ku taimaka min kafin in je in zubar da kuɗina a kasuwa. Shekara biyu kenan ina buga PES 2021 a laftof ɗin yayana, to yanzu ya tafi bautar ƙasa ya tafi da kayarsa, ni kuma na kwashi adashin da muke yi a shago na haɗa da ɗan abin da nake ajiyewa ya kai dubu 500 cif, ko kwabo ba zan iya ƙarawa ba. Abin da nake so in buga shi ne FC 24 ko 25, GTA V, eFootball, sai PUBG ta GameLoop, in da hali har Warzone. Monita ba matsala ina da talabijin inci 32 mai HDMI, fad ma ina da guda biyu.

Ranar Asabar na zaga Beirut Road kaina sai da ya yi zafi, wani ya ce laftof mai fitila a kibod zan ɗauka, wani ya ce a'a ta tebur, wani ya ɗauko min kati RX 580, wato katin girafik mai fitar da hoton gem, ya ce 8GB ne ba gem ɗin da zai gagare shi. Na dawo gida ban sayi ko maus ba. Sannan wuta a unguwarmu kun san yadda take, yawanci da ɗan ƙaramin janareto nake amfani da daddare, shi ma fanka da talabijin da cajin wayoyin gida duk a kansa. Me kuke ganin ya fi?

Injiniya_Bash:

Wa'alaikumussalam ƙanena. Gara da ka dawo da kuɗinka a aljihu. Ni gyaran kwamfuta ne sana'ata, kuma maganar da ka sako a ƙarshe kamar ba komai ba, ta janareto, ita ce ma babbar maganar, daga nan ya kamata lissafinka ya fara ba daga sunan kati ba.

RX 580 kati ne mai kyau ban musa ba, amma tun 2017 ya fito, kuma shi kaɗai yana shan wat 185, in ka haɗa da furosesa da sauran kaya kana maganar kusan wat 300 in gem ya ɗau zafi. Yana buƙatar waya ta musamman mai fin 8 daga fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ke nan sai ka sayi fawa-fak mai kyau na wat 500 ko sama, ba irin marasa nauyin nan da in ka ɗaga kamar fankon ashana ba. Ka ɗora wannan a kan ƙaramin janaretonka da fanka da talabijin, ana kunna wani abu a gida ya yi tari kwamfuta ta mutu kana tsakiyar wasa. Ga zafin watan 4 a Kano da ake haura digiri 40, katin nan a ɗaki ba iska wallahi kamar ka kunna rusho ne. Kuma da yawansu da ke yawo a kasuwa sun yi shekaru suna haƙar kirifto dare da rana kafin su iso mana.

In ni ne kai, tsohuwar kwamfutar ofis zan nema ta tokumbo, Dell OptiPlex 5060 ko 7060, ko HP EliteDesk 800 G4, mai furosesa i5-8500. Koa 6 gare shi, wat 65 kawai yake ci. Ka nace a kan janareshan na 8 saboda daga kansa Windows 11 ta fara karɓar Intel a hukumance, Windows 10 kuma Microsoft ta daina ba ta sabuntawa na kowa da kowa tun 14 ga Oktoba 2025. Za su yi ta tura maka i7 na janareshan 4 ko 6 suna cewa ai i7 ne oga, kar sunan ya ruɗe ka.

Sai ka saka mata GTX 1650, 4GB. Dalilina shi ne ramin da ake soka kati a madabod yana ba da wat 75 da kansa, shi kuma katin nan iya abin da yake buƙata ke nan, ba sai ka canza fawa-fak ba. Wannan na da muhimmanci don fawa-fak ɗin waɗannan injinan ƙanana ne, wat 240 zuwa 260 a masu dogon kesin, kuma Dell da HP soket ɗinsu na madabod daban yake ba irin na gama-gari mai fin 24 ba, ba za ka sayo wani kawai ka jona ba. Amma ka duba katin da idonka, akwai wasu 1650 ɗin da ke da ramin fin 6 a gefe, ka bar su. Ram ka sa 16GB, 8 biyu, SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri, ko da 512GB. FC 24 mafi ƙarancin abin da EA ta rubuta shi ne i5-6600K da GTX 1050 Ti da ram 8GB, ka ga ka haura haka. Duka injin bai fi ya ja wat 150 ba kana wasa, janaretonka ko a jikinsa.

Canjin da ya rage kar ka sayi fitilu masu launi, UPS za ka saya, akwatin batirin nan da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke.

Abba_Ryzen:

Oga Bash girmanka ne amma a nan ban bi ka ba gaskiya. Wannan haɗin naka rana ɗaya ne, ranar da ya gaji da 1650 shi ke nan ya zo ƙarshen titi, fawa-fak ba ya canzuwa cikin sauƙi, madabod ba ya shiga wani kesin daɗi, sai dai ya sayar da komai a faɗuwa ya sake sabon lale. Ni abin da na yi shi ne na sayi Ryzen 5 5600G da madabod B450 da ram 8 biyu da fawa-fak mai suna, na zauna ba kati sam wajen wata takwas, don shi 5600G ɗin akwai girafik Vega 7 a cikinsa, GTA V da PES da eFootball duk na buga lafiya lau in na rage saiti. Da Allah ya hore na sayi RX 6600 8GB na soka, wat 132 yake ci, yanzu ba abin da nake tsoro a girman hoto na 1080p.

Ba zan ɓoye maka ba Sadik, FC a kan Vega 7 kaɗai sai haƙuri, sai ka sauke shi 720 komai a ƙasa kuma duk da haka wani lokaci in an zo kwana yana ɗan kakarewa. Abu biyu in za ka bi tawa, ram lallai sanda biyu ba ɗaya mai 16 ba, saboda girafik ɗin cikin furosesa daga ram yake ci kuma sanda ɗaya shaƙe shi take, bambancin ba kaɗan ba ne. Sannan B450 tsohon ajiya wani sai an sabunta masa BIOS, wato manhajar da ke cikin madabod ɗin, kafin ya gane 5600G, ka sa mai shago ya haɗa ya kunna a gabanka, kar ka kai gida ka danna ka ga baƙin allo ka ɗauka ka ƙona wani abu kamar yadda na kwana ban yi barci ba.

Maman_Hanif:

Ni dai ba masaniya ba ce amma tambaya, in ƙwallo da GTA ne kawai me ya hana ka sayi PS4 ka huta? Ita muka saya wa ƙanina, FC 24 da 25 duk sun fito a kanta, GTA V ma akwai, ba ruwanka da wani diraiba ko wani fawa-fak, ka jona a talabijin kawai. Ragowar kuɗin ka ƙara jari a shago.

Dan_Zariya99:

Mutumina duk wanda za ka bi a cikinsu ka ji wannan tukunna, ni aka taɓa yi wa. Na ga GTX 1050 Ti a wani shafi na saye da sayarwa, farashin kamar kyauta, na tura kuɗi aka sako min a mota. Kwali fes, katin sabo dal har leda, na soka Windows ta rubuta 1050 Ti 4GB na ce alhamdulillah na yi tsintuwa. Ina buɗe GTA minti biyar sai allo ya cika da ɗigo-ɗigo kore gem ya fita, na sake ya sake. Wani abokina ya zo ya sa GPU-Z, manhajar da ke nuna ainihin bayanan kati, sai ga FAKE ɓaro-ɓaro a gaban sunan, ashe GTS 450 ne na 2010 aka canza masa suna a ciki, memorin gaskiya 1GB ne shi ya sa da gem ya wuce nan sai ya faɗi. Abin haushin ma alamar na nan a fili ban sani ba, katin yana da ramin VGA shuɗin nan, alhali katunan GTX 10 na gaske ba sa zuwa da VGA. Na kira lambar a kashe har yau. Araha dai ba ta ado.

Shi ma RX 580 ɗin da aka nuna maka ka tambaya, akwai wanda ake rubuta 2048SP, wato yawan ƙananan injinan lissafin da ke cikinsa, don kasuwar Chana aka yi shi, na ainihin 2304 gare shi, wancan kusan RX 570 ne da rigar yayansa. Ba wai ba ya aiki ba ne amma kar a karɓi kuɗin na ainihi a hannunka.

Sadik_Hotoro:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti Maman Hanif na yi tunanin PS4 wallahi, amma ina koyon CorelDraw da ɗan haɗa bidiyo, kuma facin PES da muke sakawa mai sababbin riguna da 'yan wasa a kwamfuta ya fi daɗin yi, shi ya sa. Abba shawararka ta burge ni sai dai na san halina, in na ce zan tara kuɗin kati nan gaba biki ɗaya za a yi a gidanmu su tafi, kuma FC ɗin ne ma dalilin sayen. Ina ga ta Injiniya zan bi. Oga Bash na ga wasu OptiPlex ɗin sirara ne kuma sun fi sauƙin kuɗi, su ma za su yi? Warzone fa ba wanda ya ce komai a kai.

Injiniya_Bash:

Siraran su ake kira SFF, ni ban so maka su ba. Kati na yau da kullum ba ya shiga sai gajere da ake cewa lo-furofayil, shi kuma wahalar samu gare shi a nan kuma in ka samu ya fi tsada, ka ga abin da ka rage a kesin ka mayar a kati. Fawa-fak ɗinsu ya fi ƙanƙanta, iska ba ta zagayawa, da hunturu ƙura ta toshe 'yar fankar sai ka ji yana kuka kamar injin markaɗe. Wani zai ce maka ka sa RX 6400 tunda siriri ne kuma wat 53 yake ci, to shi layi 4 kawai gare shi kuma don PCIe 4.0 aka yi shi, a tsohon injin mai 3.0 ƙarfinsa raguwa yake, sannan ba shi da abin matse bidiyo a ciki, kai da kake son haɗa bidiyo bai dace da kai ba. Ɗauki mai dogon kesin. In ka ci karo da RTX 3050 mai 6GB kuma kuɗinka ya kai, shi ma wat 70 ne ba ya son ƙarin waya, ya fi 1650, amma ka lura mai 6GB na ce, mai 8GB ɗin yana buƙatar waya.

Abba gaskiyarka ta fuskar gaba, ban ƙi ba, da yana da sola mai ƙarfi da albashi duk wata da taka zan ba shi.

Warzone zai buɗe a ƙaramin saiti amma 4GB ta yi masa kaɗan, kuma kafin ka gama sauke shi da sabuntawar da ba ta ƙarewa datar da za ka ƙona ta isa ta saya maka wani ram ɗin, ga ping ɗinmu, wato jinkirin intanet, in ana ruwa ko da yamma ka riga ka mutu kafin ka ga wanda ya harbe ka. Ka cire shi a lissafi yanzu. FC kansa wajen 100GB yake nema a ajiye masa, shi ya sa na ce kar ka yarda da SSD 256.

Ranar da za ka je ka tafi da filash ɗinka da GPU-Z da CrystalDiskInfo da FurMark a ciki. Ka sa a soka katin a cikin injin da za ka saya ɗin, ba a nasu na gwaji ba, a kunna FurMark, manhajar da ke matsa wa kati aiki, minti 15 kana tsaye, ka kalli zafin, in ya haura digiri 85 ko allo ya yi ƙyaftawa ko fanka na karkarwa ka ce a canza. CrystalDiskInfo zai nuna maka lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki, an sha kawo min wanda aka ce sabo ne na tarar ya yi shekaru a kunne. A rubuta maka garanti a rasit ko na sati biyu ne, da lambar jikin katin. In ka kai gida kar ka ajiye ta a ƙasa kan kafet, ɗora ta a tebur ka bar tazara da bango, tamal fes ɗin furosesa, man nan da ake shafa masa don ya fitar da zafi, a canza don na ciki ya bushe tun a Turai, kuma kar ka kunna ta sai janareto ya yi minti ɗaya ko biyu ya daidaita.

Sadik_Hotoro:

To madalla, na kwafe duka a waya. Jibi in sha Allah zan koma da filash ɗin, abokina da ke da mashin zai raka ni don ɗauko ta. UPS ɗin 650VA zai isa ko sai na haura, tunda talabijin ɗin ma a kansa nake son jonawa?

Injiniya_Bash:

650VA wajen wat 360 zuwa 390 ke nan, kwamfutar da talabijin inci 32 zai ɗauke su, minti kaɗan ne dai na ka ajiye wasa ka kashe lafiya ba na ƙarasa zagaye na biyu ba. Ka tambayi shekarar batirin ciki kafin ka biya, in ya daɗe a shago a sa maka sabo a gabanka.