An gayyaci Hajiyarmu gwajin maganin ciwon gwiwa, wa ya taɓa shiga?

Ɗiyar Hajiya, Makka: Assalamu alaikum. Yanzu Hajiyarmu a kan kujera take salla, ɗawafi kuwa sai an tura ta a keke. Likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya zaizaye. An ba mu takardar shiga gwajin wani magani, amma wai ƙuri'a za a yi, wasu su samu na gaske, wasu wanda babu komai a ciki. Hankalina bai kwanta ba.

Baban Yasir, Jidda: Na taɓa shiga, 'yata. Ban san abin da nake sha ba, likitan ma bai sani ba, lamba ce kawai a jikin kwalbar. Duk zuwa sai a ɗebi jini, a yi ta tambaya: yaya zafin yake idan kana hawan bene, yaya cikin dare? Abin da ya ba ni wahala, an tsayar mini da ibuprofen, Panadol kaɗai aka bar mini. Ki tambayi wannan tun kafin ta sa hannu.

Maman Hanan, Madina: Ni dai gara allurar kortizon, wadda ake yi a cikin gwiwa don rage kumburi da zafi. Ranar da aka yi mini har sujada na kai goshi ƙasa ina hawaye. Sai dai 'yan makonni ne, ciwon ya dawo.

Mai saidaliya, Riyad: Anti, gwaji irin wannan ne ya bayyana gaskiyar allurar nan. A wani bincike na Amurka da aka wallafa a 2017, an bi mutum 140 shekara biyu, rabi kortizon duk mako 12, rabi ruwan gishiri. Zafin bai bambanta ba, kuma guringuntsin masu kortizon ya fi zaizayewa. Shi kuwa semaglutide, maganin rage ƙiba, a binciken da aka wallafa a 2024 an gwada shi kan masu ƙiba da ciwon gwiwa 407 tsawon mako 68, nauyi ya ragu, zafi ya ragu fiye da na waɗanda aka ba wanda babu komai a ciki. Ƙanwata, ki tabbata gwajin yana da amincewar hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya.

Ɗiyar Hajiya: To idan ta fara ta ga ba za ta iya ba fa? Tana da matsalar ƙoda.

Baban Yasir: Ta fita ranar da ta ga dama, babu mai hana ta kulawar da ta saba samu. Maganar ƙodar nan ki faɗa musu tun zaman farko. Takardar kuma a fassara mata da Hausa, layi bayan layi, ita ce mai gwiwar.