Don Allah a taimaka: me za mu kira gum graft da Hausa?

Mai Shirin Lafiya: Salamu alaikum jama'a. Gobe ƙarfe 10 za mu naɗi shirin ranar lafiyar baki ta duniya, ta 20 ga Maris, kuma likitan da na gayyato da Turanci zalla ya turo bayaninsa. Na warware kusan duka, kalma biyu suka maƙale min: gum recession da gum graft. Ta farko ita ce dasashi ya ja baya har saiwar haƙori ta fito fili, ta biyu kuma aikin da ake yi a rufe wurin. Minti 15 kacal aka ba ni.

Ɗan Fagge: Ta farko ai ba wuya, janyewar dasashi. Ta biyu ki ce facin dasashi, kowa zai gane.

Malamin Hausa: Faci? Bakin mutum ne ko tayar Keke Napep? Kalmar ma aro ce. Muna da maho tun kaka da kakanni, tela ya yanko ƙyalle ya toshe inda riga ta yage. Mahon dasashi, an wuce wurin.

Likitar Haƙori: Janyewar dasashi ya yi, haka nake faɗa wa marasa lafiya. Amma kafin a yi nisa ku ji yadda aikin yake. Dasashin da ya janye ba ya komawa da kansa, ko wane man goge baki aka saya. Idan cuta ce ta jawo, sai an fara kankare dattin da ya daskare a ƙarƙashin dasashi har jikin saiwa, kumburi ya lafa. Sannan a yi allurar kashe zafi, a yanko 'yar tsoka daga rufin bakin mutumin, a ɗaga dasashin wurin a cusa ta, a ɗinke da zare mai laushi. Tun 1985 likitoci biyu a Amurka, Langer da Langer, suka bayyana wannan salon. Tsokar tana da rai, jijiyoyin jini ke shigarta har ta kama. Malam, ka taɓa ganin mahon da ya kama jikin riga ya rayu?

Malamin Hausa: Likita, "rufin baki" kuma? Ganɗa sunansa. Duk wanda ya zauna ajin tsarin sauti ya san hanƙa da ganɗa da hanɗa. Kun bar harshenku kun tafi fassara Turanci kalma-kalma.

Likitar Haƙori: Na karɓi ganɗa, Allah ya ƙara ilimi. Maho ne dai ban karɓa ba.

Mai Lambu: Mu a lambu idan aka yanko reshen wani mangwaro aka ɗaura a jikin wani ya kama, aure muke cewa. Mangwaro ɗan aure. Me zai hana auren dasashi?

Ɗan Fagge: Alhaji, ka sa a faɗi haka a rediyo ka ga kira. Nawa ne sadakin?

'Yar Damagaram: Mu nan likitoci greffe suke cewa da Faransanci, kalma ɗaya ga ƙoda da fata da bishiya. In za su yi wa tsoho bayani kuwa dashe ne. Dashen ƙoda kowa ya sani, dashen gashi ma yanzu ya shiga bakin mutane. Dashen dasashi kawai.

Malamin Hausa: Dashen dasashi? Wannan karya-harshe ne irin na yara a dandali. Kuma da girmamawa Hajiya, ba daga Faransanci za a auno mana Hausa ba.

'Yar Damagaram: Malam, dashe Faransanci ne? Albasar da muke cirewa daga fangali mu kai gona, me muke yi mata? Kullum sai a nuna Hausar Kano ce Hausa, tamu kuwa ragowa.

Malamin Hausa: Ni ban ambaci Kano ba. Shekara 27 ina wannan aiki. Abin da ke ci min rai shi ne wanda bai taɓa buɗe ƙamusun Hausa na Bargery na 1934 ba, shi ke yanke hukunci.

Ɗan Fagge: To Malam, buɗe mana shi ka ga ko a 1934 akwai mai yi wa dasashi tiyata.

Mai Shirin Lafiya: Jama'a, dare na yi. Likita, ke za ki raba gardamar nan.

Likitar Haƙori: Dashe na zaɓa, amma da sharaɗi biyu. Kada kalmar "sake tsiro" ta fito daga bakinki, masu tallar magani a kasuwa ita suke jira. Sannan ki gaya wa masu sauraro ba kullum daga jikin mutum ake ɗauka ba. Akwai fatar mamaci da aka sarrafa, akwai kuma irin su Emdogain, maganin da aka ƙirƙiro a Suwidin, daga haƙoran 'ya'yan alade da ba su fito ba ake haɗa shi. Musulmi na da haƙƙin ya tambayi likita kafin ya kwanta a kujera. Kuma kada dashen ya cinye miki lokaci. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce kusan kashi 19 cikin 100 na manya na da cutar dasashi mai tsanani, mutum sama da biliyan 1. Mai shan taba da mai ciwon suga, da wanda ke ganin jini a asuwakinsa kowace asuba yana cewa ba komai, su ne masu sauraronki.

Mai Shirin Lafiya: Na gwada dashen dasashi sau uku a gaban madubi, na uku "dashen dashashi" ya fito. Sau ɗaya zan faɗe shi a hankali, daga nan in riƙa cewa dashen tsoka daga ganɗa. Malam, ka ga ganɗarka ta shiga.

Malamin Hausa: Ku je da dashenku. Ni dai a ajina maho ne.

Mai Shirin Lafiya: Af, ga wata na tsallake. Ramin da ke tsakanin haƙori da dasashi, wanda likitan ya ce idan zurfinsa ya wuce milimita 3 akwai matsala, pocket ya rubuta. In ce aljihu?

Malamin Hausa: Aljihu Larabci ne.